Wankin Wayar Baba

Gidanmu na Gwandu gida ne da ba a kama suna. Inna ba ta taɓa kiran nawa ba saboda ni ne ɗan fari. "Kai" take ce mini, in kuma na ɓata mata rai ta ce "kai wanga". Baba kuwa sun haura shekara arba'in tare da ita, amma ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba. In yana nemanta sai ya tsaya a bakin ɗaki ya yi gyaran murya ya ce, "Mutanen ɗakin ga suna nan?" ko da ita kaɗai ce a ciki. Haka muka buɗe ido muka tarar, ba mu taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba.

Shekara biyu kafin rasuwarsa ƙanwata ta saya masa babbar waya, irin ta shafawa, mai araha. Hoto bai dame shi ba, kira ma sai ya ga dama yake ɗauka. Abu ɗaya ya koya a cikinta ya riƙe shi gam, wato ɗaukar murya. Duk wanda zai yi masa alkawari, dillalin shanu ne ko ɗan siyasa ko mai gyaran famfo, sai Baba ya danna jan maɓallin ya zura wayar a aljihun gaba. Yakan ce, "Mutum shina musu, wagga ba ta musu." Bai taɓa kunna wa kowa abin da ya ɗauka don ya kama shi da ƙarya ba. Sanin cewa maganar tana aljihunsa ya ishe shi.

Bayan Inna ta fita takaba na zauna da ita wata la'asar muna bin muryoyin ɗaya bayan ɗaya. Yawanci ciniki ne da kukan shanu da tarin Baba. Can muka iso kan wata da ya ɗauka ranar da wasu ma'aikata suka zo ƙofar gida suna rubuta sunayen manoma, wai za a raba taki. Muka ji saurayin ma'aikacin yana tambaya, "Baba, sunan mai ɗakinka?"

Sai Baba ya ce, "Ku rubuta uwar yara."

"A'a Baba, takarda ba ta karɓar haka. Sunan yanka muke so."

Ya yi tari, ya yi wata 'yar dariya da ban san shi da ita ba, sannan ya sassauta murya ya faɗi sunan. Sau ɗaya. Ba zan rubuta shi a nan ba, ni ma ɗan gidan ne.

Inna ta miƙe zumbur ta ce tukunyarta za ta ƙone. Babu tukunya a kan wuta a lokacin, na duba. Tun daga ranar wayar ta zama tata. Ta naɗe ta a tsohon ɗankwali ta sa a cikin samira. Ba ta iya karatu ba, amma ta haddace inda za ta taɓa da kuma sau nawa za ta ja yatsa ƙasa. Kullum bayan la'asar sai ta tura ƙofa ta kunna. In ƙanwata ta tsokane ta sai ta ce, "Ina saurare in ji ko sun hwaɗi ranar da za su kawo takin."

Ni a Kalgo nake zaune. Ina da ɗan shago kusa da jami'a, ina buga wa ɗalibai takardu, in yi musu fotokofi, in ɗaure musu littafin kammala karatu. Ina da kwamfuta har biyu. Kwashe muryoyin nan in ajiye a wani wuri ba zai ci mini minti goma ba. Sau ɗaya na yi niyya na manta da igiyar haɗawa, sau ɗaya na zo da igiyar, Inna ta ce in bari sai ta idar da salla, hira ta ɗauke mu. Haka shekara biyu ta wuce ina cewa sai zuwa na gaba. Wannan laifin ba zan iya ɗora wa kowa ba, kuma na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa.

Dole in faɗi wani hali nawa kafin in ci gaba. Ina da gajen haƙuri, kuma ina jin kaina da iya gyara. Tun da na buɗe shagon nan ban taɓa kai firinta wurin mai gyara ba. In ta tsaya sai in shiga intanet in nemo bidiyon wani da ya taɓa gyara irinta. Na kalli irin waɗannan bidiyoyin sun fi a ƙirga, kuma har yau ban daina mamakin masu yin su ba. Mutum zai riƙe waya da hannu ɗaya, sukudireba a ɗaya hannun, hoton yana rawa kamar an ɗora shi a kan jaki. Abin da kake son gani ya yi dishi-dishi, amma zanen ledar teburinsa ya fito tar. Janareta na ruri a bayansa, zakara na cara, wani na sallama a ƙofa. Zai cinye minti huɗu yana gaishe ka, yana gaishe da mutanen garinsu, yana roƙon ka danna ƙararrawar bibiyar shafinsa don Allah don Annabi. In ya zo ainihin wurin da aikin yake sai ya ce "ka cire wannan, ka mayar da shi nan," alhali babban yatsansa ya rufe wannan ɗin da nan ɗin baki ɗaya.

Saboda haka na ƙirƙiro wa kaina dabara. Ina ja in tsallake gaisuwa, in kalli mataki ɗaya, in tsayar da bidiyon, in yi abin da aka ce, in sake saki. Da abu ya tashi sai in rufe, ban taɓa tsayawa jin bankwana ba. Ina alfahari da dabarar nan, har koya wa maƙwabtan shagona nake yi.

Wata Laraba da hantsi ƙanwata ta kira ni. Ta ce wayar Baba ta ƙi tashi, sai ta nuna sunan kamfani ta ɗauke, ta sake nunawa ta sake ɗaukewa. Kwana uku ke nan, kuma Inna ta hana a faɗa mini don kada a tayar mini da hankali. Na rufe shago na nufi tasha.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake. Ta amsa gaisuwata lafiya lau, ta tambayi iyalina, ta tambayi kasuwa. Sai da na sha ruwa sannan ta shiga ɗaki ta fito da ɗankwalin ta ajiye a gabana. Ta ce, "Ta yi ciwo. Ka duba ta a hankali." Fuskarta ta faɗa a kwana ukun nan kamar wadda ta tashi daga zazzaɓi.

Na kai wa wani mai gyara a bakin kasuwa, dattijo mai tabarau, wanda kowa a Gwandu ke kai wa waya. Ya danna nan ya danna can, ya sa mata caji, ya cire. Ya ɗago ya ce, "Wagga sai filashin."

Na san filashin. Duk wanda ke zama cikin ɗalibai ya san shi, don na sha ganin yarinya tana kuka a shagona an yi wa wayarta filashin, aikin shekara guda ya tafi. Jin kalmar kawai ya sa jinina ya hau. Na ce masa su dai ba su san komai ba sai filashin, ciwon kai filashin, ciwon ciki filashin. Ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya malam, ai..." Na fizge wayar na yi gaba. Na ji yana kirana har na sha kwana, ban waiwaya ba.

Na ce wa Inna zan tafi da ita Kalgo, can intanet ya fi ƙarfi, jibi in dawo mata da ita. Ba ta so ba. Wayar nan ba ta taɓa kwana a wani gida ba. Ta sake naɗe ta da kanta, ta ɗaure bakin ɗankwalin sau biyu, ta ce, "Kak ka ba kowa. Kai ɗai nib ba."

Washegari da safe ban karɓi aikin kowa ba. Na janyo ƙofar shago rabi na fara nema. Bidiyon farko na wani Ba'indiye ne, ban ji ko kalma ɗaya ba. Na biyu babu magana sam, sai kiɗa da rubutu mai gudu. Na uku wayarsa daban da tamu. Sai ga na huɗu, da Hausa, kuma wayar da ke hannunsa irin ta Baba ce sak, har launin. Na ji sanyi a raina. Na ce ga ɗan uwa, ga harshen da ba za a cuce ni da shi ba.

Saurayi ne, daga maganarsa mutumin gabas ne, wajen Kano. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, hannunsa kawai na sani, da zoben azurfa da wani tabo a gindin babban yatsa. Na tsallake gaisuwar kamar yadda na saba. Na same shi yana cewa, "'Yan uwa, in wayarka ta maƙale a nan, kar ka yarda wani ya ce maka sai filashin. Ba ta bukatar filashin wallahi. Datti ne kawai ya taru mata. Wanke ta za mu yi."

Ban san sau nawa na maimaita wurin nan ba. Ba ta bukatar filashin. Na ji kamar in koma Gwandu in kunna wa dattijon nan a kunne. Wanki kuwa, wa ke tsoron wanki? Riga ake wankewa datti ya fita riga ta zauna. Kwano ake wankewa. Ban taɓa jin an wanke abu an neme shi an rasa ba.

Ya ce a danne maɓallin rage murya tare da na kunnawa. Na tsayar, na danne. Wani baƙin allo ya fito cike da rubutun mutanen Sin, layi-layi, ko harafi ɗaya ban sani ba. Na saki bidiyon. Nasa ma haka ya nuna, sai dai hasken taga ya haske gilashin, ga kuma yatsan nan. Ya ce, "Kar rubutun ya ba ka tsoro, ni ma ba na jin yarensu. Ka ƙirga kawai. Ɗaya, biyu, uku..." har bakwai. Na tsayar, na ƙirga bakwai, na sake ƙirgawa daga sama don in tabbata. Na saki. Ya ce, "Sai ka danna. Shi ke nan, za ta wanke kanta tas, ta dawo sabuwa fil."

Na tsayar da shi a nan. Saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu bidiyon ya ƙare, na gani a ƙasan allon, na ce bankwana ce da roƙon ƙararrawa. Na yi bisimilla na danna.

Wayar ta ɗauke, ta nuna sunan kamfani, ta daɗe a haka, sannan ta wuce. Ta wuce! Na miƙe tsaye na yi kabbara ni kaɗai, har mai shagon kusa da ni ya leƙo. Na ce masa, "Ka gani ko? Wai sai filashin!" Ina cikin wannan murnar na lura da abin da ke kan allon. Wayar tana yi mini maraba, tana tambayata wane harshe nake so. Hoton bijimin Baba da ƙanwata ta sa a fuskarta ba ya nan.

Na wuce tambayoyin, na buɗe wurin ɗaukar murya. Fari fat. Na fita na sake shiga. Na kashe na kunna. Na jona ta da kwamfuta da igiyar nan da na yi shekara biyu ina mantawa, na buɗe kowace jaka da ke cikinta. Babu dillali, babu kukan shanu, babu tari.

Ban san abin da ya sa na koma na saki sauran bidiyon ba. Saurayin ya nuna tasa wayar ta tashi, ya yi wa kansa kirari kaɗan, sannan ya ce, "Af, 'yan uwa, na manta ban faɗa muku tun farko ba. Duk abin da ke cikin wayar zai tafi fa, hotuna da lambobi da komai. To in kana da abu mai muhimmanci sai ka san yadda za ka yi. Kar ku manta ku danna ƙararrawa."

Af. Da wannan 'yar kalmar ya sallame ni. Ya san yadda ake ɗora bidiyo duniya ta gani, amma bai iya yanko jimla ɗaya ya mayar da ita farko ba, ko ya sake ɗauka, abin da bai fi minti shida ba. Na gangara ƙasa inda mutane ke rubuta ra'ayi, wurin da ban taɓa dubawa ba. Wata ta rasa hotunan ɗanta da ya rasu. Wani ya rasa karatun malaminsa. Sun rubuta tun shekarar da ta wuce, suna nan a fili ga duk mai haƙurin karantawa. Na rubuta masa zagin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. Bayan kwana biyu ya amsa: "Allah ya ba da haƙuri ɗan uwa, ka ci gaba da bibiyarmu."

Na kai wayar Birnin Kebbi, na zaga shago huɗu. Kowa ya jona ta da na'urarsa ya girgiza kai. Daga nan na wuce Gwandu, kuma kafin in shiga gida ƙafata ta kai ni wurin dattijo mai tabarau. Ban san me na je nema ba, wataƙila so nake wani ya zage ni. Ya gane ni. Na faɗa masa abin da na yi. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

Ya ce, "Abin da kay yi da filashin dut uwa ɗaya uba ɗaya. Suna ɗai anka sake mai." Ya mayar da tabarau. "Ran nan ban ƙare magana ba kat tahi. Cewa za ni yi, in akwai abin da kaka so ciki, kak ka bari kowa shi taɓa ta, ni ma ba ni taɓawa. Akwai wani yaro Birni da ka hidda kaya tun ba a yi ba. Ba kullum shika dacewa ba, amma shina dacewa."

Bai ce Allah ya ƙara ba. Da ya faɗa da na fi samun sauƙi. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago, kuma da ƙafata na je.

Na shiga gida ana kiran la'asar. Inna ta ga ɗankwalin a hannuna, fuskarta ta washe. Ta karɓa ta kwance, ta danna, wayar ta kawo haske. Ta ce, "Alhamdu lillahi, ta tashi." Ta kai yatsa inda ta saba taɓawa. Ta ja ƙasa, ta sake ja. Ina tsaye ina kallon yatsan nan yana neman abin da babu.

Ta ce, "Ka sake mata wuri?"

Na durƙusa. Na ce, "Inna, babu su. Sun tahi dut. Ni niy yi, ba kowa ba."

Ta daɗe tana kallon allon. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Mi kay yi mata?"

Na rasa yadda zan yi mata bayanin layi bakwai da rubutun Sin, sai na faɗi kalmar da aka ba ni. Na ce, "Wanke ta niy yi."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "Sau biyu ke nan kana wanke shi."

Ni na zuba wa liman ruwa ranar da aka yi wa Baba wanka. Ban san ta riƙe wannan ba. A nan ne kukan ya ƙwace mini, ƙato da ni, mai 'ya'ya uku, a tsakar gidan da ban yi kuka ba ko ranar jana'iza. Ita ce ta koma tana ba ni haƙuri. Ta ce ƙarfe ne, mai muryar ma ya tafi balle muryar. Ta ce in tashi in yi salla lokaci na wucewa. Ta naɗe wayar ta mayar cikin samira, kuma har yau ƙanwata ta ce takan ba da ita a sa mata caji.

Ban daina kallon bidiyon gyara ba, sana'a ta hana. Ina kallo har ƙarshe yanzu, har bankwana, har ƙararrawa, ina jin haushinsu ina jin haushin kaina. Ba wani amfani da hakan ya yi wa Inna.

Wajen wata biyar bayan nan na je gida. Muna zaune da rana a inuwar ɗaki, ita tana kaɗa nono, ni ina ba ta labarin rigimar ɗalibai. Sai ta tsayar da maburgi, ba ta dube ni ba, ta ce, "Kai, ran da munka saurara tare. Ka jiya da kyau?"

Na ce, "Na jiya, Inna."

"Dariyar nan da yay yi. Kahin shi hwaɗi ta, ko bayan ya hwaɗi?"

Shekara biyu tana jin abin nan kullum, ga shi wata biyar ya fara zame mata. Ni kuwa sau ɗaya na ji. A duniya yanzu daga ni sai ita muka san yadda sunan ya fito daga bakinsa, sai wani ma'aikaci da ya manta da mu tun a ranar. Ko da zan iya kwaikwayon muryar Baba, ba sunan da zan iya kamawa ba ne, ita ma ba za ta so ba.

Na ce, "Kahin ne." A lokacin ina da tabbaci. A mota kan hanyar komawa Kalgo na yi ta juya abin a raina har tabbacin ya gudu, ko da yake a haka na rubuta shi a nan.

Ta ce, "Haka ni ma nika gani." Bakinta ya ɗan yi motsi ba sauti, sannan ta ci gaba da kaɗa nononta.